Fasfon Alhaji Arzika

Shekara talatin da ɗoriya Arzika ya yi yana amsa sunan da ba shi aka yanka masa rago a kai ba. Giɓi ake ce masa. A tashar Jibiya in ka ce kana neman motar Arzika sai a tsaya kallon juna, amma ka ce Giɓi, har mai ƙosai za ta nuna maka da baki: ga ta can, farar Fijo mai buɗaɗɗen baya, tana lodin Maraɗi.

Sunan kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi yawon salla gidan kawunsa, can wani ƙauye a ƙetaren iyaka. Aka fita langa a dandali, sai ɗan kawun nan nasa, Kalilu, ya yi masa wata irin bangaza da ta kai bakinsa kan turmi. Haƙori ɗaya na sama ya tafi, bai dawo ba. Kafin jini ya tsaya Kalilu ya raɗa masa suna. To, taubashi ne, ba a fushi da wasansa, ba a kuma kai ƙararsa. Arzika ya haɗiye. Amma fa haɗiyewa daban, narkewa daban. Ya girma, ya koyi tuƙi, ya yi aure, har ya aurar da 'ya, duk da haka duk ranar da aka ce masa Giɓi cikin mutane sai abin ya sosa masa rai. Yakan yi dariya tare da su, yana kare baki da hannu.

Giɓin dai bai rasa amfani ba. Nan yake cusa tabarsa, garin taba da kanwa, tun daga loda ta farko har ya ajiye mota. Yakan ce Allah ne ya yi masa alkuki a baki.

Sai ga shekarar Udoji, wadda gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi. Kuɗin mai suka malalo har Jibiya. Malaman makaranta suka hau babura, masinja ya rataya rediyo, wanda bai taɓa taɓa shadda ba ya ce sai ta Maraɗi. Mutanen Nijar kuma, da fari ya bi ta kansu, suna neman gero da kananzir da siminti. Fijon Arzika ta koma sawu uku a rana, ba ta hutawa sai lokacin salla. Kafin shekara ta zagayo ya biya kujerar Makka.

Ya yi aikin hajjinsa tsaf, wannan kam ba mai musu. Amma in za a faɗi gaskiya, tun yana cikin jirgi da haƙori yake tafiya a ransa. Sauran alhazai rufi aka yi musu, wato a sami lafiyayyen haƙori a sa masa hular zinariya. Shi kuwa ba shi da abin rufewa. Sai da ya nemo wani likitan haƙori a Jidda, wanda ya huda ƙashin wurin, ya kafa 'yar ƙusa, ya ɗora haƙorin zinariya sukutum a kanta. Kwana bakwai Arzika ya yi bai ci abin tauna ba, sai shayi, amma ko uffan bai ce ba. Da ya dawo gida yakan ce wa abokan tafiyarsa, “Naku hula ce, nawa dashe ne.”

Daga ranar suna ya canja. Tasha ta ce Alhaji, kasuwa ta ce Alhaji. Hannun nan da ke kare baki ya huta. Arzika ya koma mutum mai dariya ko ba a faɗi abin dariya ba, har in ana ta'aziyya sai ya yi da gaske yake iya rufe leɓe. Tabar da ta rasa alkukinta ya matsar da ita gefe, tana jingine da sabon maƙwabci. Matarsa Hajjo, wadda aka haifa ranar hawan Arfa amma ba ta taɓa wuce Katsina ba, takan ce, “Alhaji, a rage ma rana aiki haka nan, ka bar ta ta haska gari ita kaɗai.”

Mutum ɗaya ne ya ƙi bin sahu, shi ne Kalilu. Ya zama jandarma, kuma da yake Allah ya so a yi ta, sai aka ajiye shi daidai shingen Nijar da Arzika ke bi kullum. Can ana ce masa Mushe Kalilu, domin da haka masu Faransanci ke girmama mutum. Nan Arzika ya sami abin ramuwa. Ya ce bai taɓa ganin ƙasar da ake ce wa mutum mushe yana tsaye da ƙafarsa, har yana murna ba.

Ga yadda suke yi. Mota ta tsaya a gaban sandar ƙarfen da ke gicciye a hanya. Kalilu ya taho yana taku ɗai-ɗai, fuska a murtuke, ya miƙo hannu ta taga.

“Fasfo!”

Sai Arzika ya washe baki. Rana ta bugi zinariya. Kalilu ya sunkuyo ya duba dama, ya duba hagu, kamar mai karanta takarda.

“Giɓi ne. An dai yi mashi murhi.” Ya dunƙule hannu ya doki kan mota, dum, wato ya buga hatimi. “Ale, wuce!”

“Allah shi jiƙanka, Mushe.”

Fasinjoji har jiran wurin suke yi. Takardun gaskiya kuwa suna nan cikin aljihun mota, sun yi shekaru ba a buɗe su ba. Arzika yana dariya, amma can ƙasan ransa yana jiran wata rana, ko sau ɗaya ne, da bakin Kalilu zai suɓuce ya ce Alhaji.

A shekara ta uku, bayan hunturu, wani farin abu ya fito masa a dasashi, daidai gindin haƙorin. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Ya kankare da asuwaki, bai fita ba. Bayan wata guda wurin ya tsage ya zama ɗan gyambo mai taurin baki. Ya kurkure da ruwan gishiri. Ya tauna kanumfari. Aka jiƙa masa bagaruwa, wanzami ya ba shi wani gari mai ɗaci. Gyambo ya ce bai san zancen ba, sai ma faɗi da yake ƙarawa a hankali, yana zagaye zinariyar.

Hajjo ce ta fara ganewa. Mutumin da ke yagar kilishi yana tuƙi ya koma cewa fura ta fi lafiya. Rannan ta ɗauki asuwakinsa a bakin randa, ta ga jini.

“Alhaji, ka tahi asibiti.”

“Zahi ne. In damina ta sauka shina wucewa.”

“Wata ukku ke nan. Ni da nike kwana ina tashi da kai, ka ce mani zahi?”

Shi ya san abin da yake gudu. Ba allura ba, ba wuƙa ba. Tsoronsa ɗaya ne, kada likita ya ce a cire. Washegari ya sayo rawani, ya naɗa, ya ja amawali ya rufe baki har hanci. A tasha aka ce Alhaji Arzika sarauta yake nema, wasu har suka fara yi masa jinjina.

Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da ya isa shinge, Kalilu ya miƙo hannu.

“Fasfo!”

Arzika ya buɗe aljihun mota, ya kaɗe ƙura, ya miƙa masa takardu. Kalilu ya riƙe su da yatsa biyu.

“Wanga mine ne?”

“Takardu ne. Ko ba ka iya karatu ba, kakin banza ne?”

“Ni ban san su ba. Fasfo nic ce.”

“Mura nike.”

“Mura hanci taka kamawa. Fasfo.”

Manyan motoci suka fara tara layi a baya, ana ta danna oda. Wata tsohuwa a bayan mota ta ce, “Don Allah Alhaji ka yi mashi dariyar mu tahi, rana na yi.” Kalilu ya buɗe ƙofa da kansa, ya kama hannun Arzika, ya ja shi bayan ofis inda ba kowa sai wata akuya. Ya tsaya ya harɗe hannu. Da Arzika ya ga ba mafita, sai ya sauke amawali, ya ɗaga leɓe.

Ya jira baƙar magana, har ya shirya amsarta. Ba ta zo ba. Kalilu ya duba, ya sake dubawa, ya yi shiru. Tun ranar turmi ba a taɓa yin lokacin da Kalilu ya kalli bakinsa bai yi dariya ba sai yau. Shirun nan ya fi gyambon ba Arzika tsoro.

Kalilu ya bar wa abokin aikinsa shinge, ya shiga gaban mota da kakinsa. Fasinjoji suka yi tsit har Maraɗi, kowa na zaton an kama direba. Da aka sauke su, Kalilu ya ce, “Mu tahi wurin lokotoro.”

Lokotoron, wato likita, wani dogon saurayi ne da Hausarsa ba ta nuna ba, don haka Kalilu ya zama tafinta. Ya haska bakin da tocila, ya danna gefen gyambon da yatsa, ya girgiza haƙorin, ya lalube wuya dama da hagu. Ya tambayi tun yaushe. Ya tambayi ko ana cin taba. Sannan ya juya ya yi wa Kalilu dogon bayani da Faransanci.

“Mi ya ce?” in ji Arzika.

Kalilu ya sosa ƙeya. “Ya ce shina tsoron daji ne.”

A Jibiya kuwa daji ma'anarsa ɗaya ce. Ɗan fasa-ƙwauri shi ke bin daji don ya kauce wa shinge. Arzika ya miƙe zumbur, rawani ya karkace.

“Daji? Ni? Kalilu, ka ji tsoron Allah! Ashe abin da ya sa ka shigo motata da kaki ke nan? Shekara ashirin ina bisa hanyar nan, ko buhun gishiri ban taɓa bi da shi ta daji ba. Ka gaya mashi! Kai ne shaida, kullum ta gabanka nike wucewa!”

Lokotoro ya ja baya, yana tambayar abin da ya faru. Da a ce wata rana ce, da Kalilu ya kwanta a ƙasa don dariya, ya kuma yi shekara yana ba da labarin. Amma sai ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi.

“Ba wanga dajin ba. Ciwon daji. Sankara.”

Arzika ya zauna. Ya san kalmar. Ya san wata gwaggonsa da ta tafi da ita. Sai ya ce a hankali, “To ai shi ma ban bi ta wurinshi ba.”

Lokotoro ya ce ba za a tabbatar ba sai an yanki ɗan wurin an auna, kuma babban asibitin Kaduna ne ke da masu wannan aiki. Ya ce wuya lafiya lau, alamar abin bai yi nisa ba, in an hanzarta ana iya raba shi da shi. Ko tabar ce ta jawo, ko gugar ƙarfe ce a kan nama, ko su biyun ne suka haɗa kai, wannan bai iya rantsewa ba. Ya rubuta takarda.

“In an yanke,” in ji Arzika, “haƙorin fa?”

Kalilu ya tambaya, aka ba shi amsa. “Da shi za a tahi. Wataƙila da maƙwabtanshi.”

Takardar lokotoro ta shiga aljihun mota, ta kwanta kan 'yan'uwanta. A hanyar komawa Arzika ya ce zai yi shawara. Kalilu ya ce ya yi. Da suka iso shinge ya sauka, ya leƙo ta taga.

“Ka ji da kyau. Fasfonka ya mutu. Kaduna aka sabunta irinshi. In ba ka je ba, ba ka ƙara taka ƙasag ga.”

Arzika ya ɗauka wasa ne. Washegari ya zo da lodi, sanda ta ƙi ɗagawa. Ya yi roƙo, ya yi zagi, ya tuna wa Kalilu cewa uwarsa da uban Kalilu nono ɗaya suka sha. Kalilu ya ce shi ya sa. Aka kwashe fasinjoji zuwa wata mota. Kwana uku ana haka.

Rana ta huɗu zuciya ta ɗebi Arzika. Ya ce tunda an riga an ce masa daji, bari ya ga dajin. Ya loda buhunan gero, ya bar kwalta, ya bi sawun tayoyin da ya ga sun nufi yamma. Wanda bai iya abu ba dai bai iya ba. Masu sana'ar sun san inda ƙasa ke da tauri, sun kuma san lokacin da ake bi. Shi kuwa da rana tsaka ya shiga, da farar mota, da farin rawani, har yana danna wa awaki oda. Bai yi nisa ba ya faɗa yashin gulbi. Fijo ta yi kuka, ta yi kuka, ta tona wa kanta rami ta zauna.

Ya tona, ya sa kirare, ya tura, ya haƙura. Ya koma gindin wani gawo ya zauna yana haki. Don ya huce, sai ya ciro farin goro daga aljihu, ya manta, ya gatsa da gaba kamar yadda ya saba.

Haƙorin ya motsa. Ba 'yar girgiza ba, motsi sosai, har da wani zafi da ya harba masa cikin ido. Ya ciro goron ya duba. Fari ya saya, ga shi ja jawur.

Ya daɗe yana kallonsa. Ba kowa a wurin, ba wanda zai yi wa dariya, ba wanda zai ɓoye wa baki. Nan ne tsoro na gaskiya ya kama shi, tsoron mutuwa, wanda duk kwanakin nan yake rufe shi da tsoron suna. Ya tuna jikarsa da ta fara rarrafe. Ya yi kuka, kuka sosai, ya share da bakin rawani.

Wani manomi ne ya zo da shanun huɗa biyu ya jawo motar. Da ya gane mai ita sai ya riƙe baki. “Alhaji, ashe kai ma ka fara?” Arzika ya ce yau ya fara, yau kuma ya yi ritaya.

Da la'asar ya shiga gida, yashi har cikin kunne. Hajjo tana tankaɗe. Ya zauna bakin tabarma ya faɗa mata komai, har da goron. Ta saurara ba ta tsayar da hannu ba.

“To mi ka tsaya jira?”

“Hajjo, in sun cire shi na koma Giɓi. Da girmana, da jikata. Shekara ukku kacal na yi ina mutum.”

Sai ta ajiye rariya. “Au, da can da wa nike zaune? Ni Giɓi na aura. Shi ne ya riƙa zuwa garinmu Daddara bisa keken aro, shina tsayawa bayan dangarmu shina hito ta giɓin nan, har babana ya ce in ya kama tsuntsun sai ya gasa shi. Wannan Alhajin daga baya ya zo ya iske ni, kuma tunda ya zo ban ƙara jin hiton ba.” Ta share hannu da zane. “Hajjinka mala'iku suka rubuta, ba maƙeri ba. Ni da ko jirgi ban taɓa gani kusa ba, ga ni Hajjo tun ranar suna. In haƙori kake so a kai kabari da kai manne a jikinshi, to ka hwaɗa mani in san abin da nike ciki.”

Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga idonta ya ciko. Shekara ashirin da shida suna tare, sau biyu ya taɓa ganin haka. Ya tashi ya je mota ya ɗauko takardar lokotoro.

A Kaduna aka auna, aka tabbatar. Aka yi aikin ranar wata Talata. Haƙorin zinariya ya tafi, da biyu na kusa da shi, da ɗan guntun ƙashi. Likitoci suka ce sun yi imani sun kwashe shi duka, amma ya riƙa dawowa duk wata uku ana dubawa, in wurin ya gama warkewa a yi masa haƙoran roba. Taba kuwa, suka ce ko warinta. Wata biyu suka yi can. Hajjo, wadda ba ta taɓa wuce Katsina ba, ta san kowace mai abinci a bakin asibiti, har ta koyi cewa “sista”. Ranar sallama aka miƙo musu haƙorin cikin 'yar kwalba. Ta karɓe ta ƙulle a bakin zane, ta ce ita ma yau ta yi haƙorin Makka, kuma nata ba ya ciwo.

Suka dawo Jibiya damina ta sauka, gero ya kai gwiwa. Arzika ya fita tasha da amawali a baki, yana jiran wanda zai fara. Ba wanda ya fara. Labari ya riga shi isowa. Kowa ya taho da murya ƙasa-ƙasa: “Sannu, Alhaji. Ya jiki, Alhaji? Allah shi sa kaffara ne.” 'Yan kamasho da ke tsokanar kowa suka ba shi kujera. Abokan da ke fizge masa goro suka riƙa miƙo masa da hannu biyu. In ya doso majalisa ana dariya, sai a yi shiru a gyara zama.

Abin da ya roƙa ke nan, ya kuma samu har ya yi yawa. Amma maimakon daɗi sai ya ji kamar ya zo zaman makokin kansa. Ya koma gida ya ce wa Hajjo, “Anya likitocin nan ba su gaya ma mutane wani abin da ba su gaya mani ba?” Ta ce ya ci tuwonsa.

Ranar Litinin ya loda mota, ya kama hanyar Maraɗi. Tun daga nesa ya hango Kalilu tsaye a bakin sanda. Ya rage gudu, ya gyara amawali. Ya san wannan kam ba zai ƙyale shi ba. Duk hanya yana tanadin amsa.

Kalilu bai yi takun nan nasa ba. Bai miƙo hannu ba. Ya ƙame, ya sara, ya je da kansa ya ɗaga sanda.

“Wuce, Alhaji. Allah shi ƙara sauƙi.”

Ga ta nan. Kalmar da Arzika ya yi shekara uku yana jira, ta fito daga bakin da ya fi so ta fito. Sai ya ji ta faɗo masa a ƙirji kamar dutse. Ya dubi Kalilu, ya ga ya rame, ya ga ya ƙi haɗa ido da shi.

Arzika ya kashe mota, daidai ƙarƙashin sandar. Ya zare makulli ya sa a aljihu.

“Ba ka tambayi fasfo ba.”

“Ba komi, Alhaji. Wuce.”

“Ban wucewa.”

Motocin baya suka fara oda. Arzika ya buɗe ƙofa ya fito. A gaban fasinjoji, da jandarmomi, da masu tallar gyaɗa, ya kama amawali ya sauke shi har ƙasan haɓa. Maganarsa ta ɗan canja, iska na bin ta, amma kowa ya ji.

“Kalilu, duk Jibiya sun yi mani ta'aziyya ina tsaye, na haƙura. Amma in kai ma ka ce mani Alhaji, to na mutu ke nan ba a gaya mani ba. In ko ina da rai, ka yi aikinka.”

Ya washe baki iyakar yadda ɗinki ya bar shi.

Kalilu ya tsaya. Ya juya baya ya fyace hanci, ya daɗe yana gyaran hular da ba abin da ya same ta. Sannan ya juyo, ya murtuke fuska, ya taho ɗai-ɗai. Ya sunkuya ya duba dama, ya duba hagu. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

“La ilaha illallahu. Jama'a ku zo ku ga ɓarna! Ni da turmi guda nih hidda, aka ta zagina shekara talatin. Su da karatun Turai sun hidda ukku, an ce masu sannu da aiki!” Hawaye na bin kumatunsa, bai kula ba. “Wanga ba giɓi ba ne, ƙohwar gari ce. Raƙumi da kaya na shiga bai duƙa ba.”

Tsohuwar nan mai zuwa Maraɗi duk Litinin ita ta fara fashewa, sai kowa ya ɗauka. Arzika ya fi kowa. Ya yi dariya har ɗinki ya ja shi, ya dafa mota, bai kare baki da hannu ba.

“Mushe,” in ji shi da ya sami numfashi, “ashe har yanzu ba a binne ka ba.”

Kalilu ya dunƙule hannu ya doki kan Fijo, dum, har sai da ta lotsa.

“Fasfo ya yi. Ale, Giɓi, kauce ka ba mutane hanya!”

Arzika ya shiga ya tada mota. Rawanin ya warware shi ya jefa kan kujera, ya sauke gilashi. Har suka shiga Maraɗi bakinsa a buɗe yake, iskar damina na shiga ta giɓin, tana yi masa sanyi.